Hannun Mai Fuskar Zakara

Larabar Toka, farkon azumin Kirista, 2 ga Maris, da hantsi

Fuskar sawa ta biki goma sha biyu na bayar ranar Lahadi, goma sha biyu suka dawo. Sau uku na ƙirga. Kerkeci ya rasa kunne, Likita ya karye a hanci, wannan kam duk shekara ne. Zakara a jiƙe ya dawo. Na goge shi, na sa shi can ƙasan akwati, na danne da sauran.

Ni ne Gommaar, mai niƙa launi a shagon Maigida Huybrecht mai zane, nan Antwerp. Ban taɓa zama gaban malami ba. A jikin tukwanen fenti na koyi baƙaƙen nan, shi ya sa suke tafiya a karkace kamar ƙaguwa. A bayan takardun da Maigida ya zubar nake rubutu, don in ban gaya wa takarda ba zan gaya wa mutum, kuma baki shi ke yanka wuya.

Shekara arba'in da ɗaya akwatin fuskokin layinmu yana hannuna. Kafin ni ubana, kafin shi kawunsa. Mai akwati kaɗai ya san wa ya ɗauki wace fuska, kuma ba a rubutawa, a ka ake riƙewa. Abin da mutum ya yi cikin kwana ukun bikin jajiberin azumi, fuska ce ta yi. Haka muka tarar.

Da asuba aka ciro gawar wani soja daga rafi, ƙarƙashin gadar masu kifi. Basifaniye ne, daga sansani. Wai ɗan ƙanwar kyaftin ɗinsu ne.

Ranar dai, da la'asar

Na je gidan ɗana Faas. Yana zaune cikin gangunan da yake haɗawa, gizago a cinya, ba ya sarar komai. Matarsa Digna ta kawo mini romon albasa. Cikinta ya yi nauyi, wata bakwai ke nan. Ta ɗaure wuyan hannunta da ƙyalle, kuma kallabin da ke kanta ba nata ba ne, nata mai shuɗi ban gan shi ba.

Na ce, "Me ya sami hannun?"

Ta ce, "Murhu ne, Baba."

Na ce, "Murhun gidanku yatsu gare shi?"

Ba wanda ya yi dariya. Faas ya buɗe baki, na ɗaga masa hannu. Na ce ba na son ji. Abin da ban ji ba, ba wanda zai matse shi daga bakina.

Rigarsa ta jiya tana shanye a ciki, ba a waje ba.

Juma'a, 4 ga Maris, da rana tsaka

Mai shela ya zagaya da ƙararrawarsa. Mutum uku sun ga mai fuskar Zakara a kan gada tare da sojan. Wanda ya sa fuskar, rataya. In kuma ba a fito da shi ba kafin Lahadin tsakiyar azumi, kyaftin zai sa a yi ƙuri'a a kan mazan layinmu, a ɗauki uku a maimakonsa.

Kwana ashirin da uku.

Asabar, 5 ga Maris, da hantsi

Ina niƙa jar ƙasa sai ga mai binciken gari, Sinjeur Wellens. Gajere ne, mai mura, hancinsa ja kamar an tsoma a tukunyata. Ya zauna a kan akwatin ƙusa ba tare da an ba shi wuri ba.

Ya ce, "Tsoho, an ce ba ka mantuwa."

Na ce, "Masu faɗa sun faɗa."

"Shekarar da kogi ya daskare har aka gasa sa a kan ƙanƙara, wa ya sa Zakara?"

Wauta ta tsufa. Kafin in kama bakina na ce, "Lenaert mai igiya, Allah ya ji ƙansa, kuma a buge ya faɗa cikin kwandon ƙwai." Matattu ana iya faɗar nasu, wannan ba laifi ba ne. Amma na ga murmushinsa, na san na rufe wa kaina ƙofa. Yanzu ba zan iya cewa na manta ba.

Ya ce, "To na bana fa?"

Na ce, "Na sani."

"Madalla."

"Ba zan faɗa ba."

Ya fyace hanci, ya naɗe ƙyallen a hankali. Ya ce shi ba ya son taɓa dattijo, amma Sifaniyawa ba su da wannan kunya. Na ce ƙashina ya riga ya zama na kaza, in suka matsa zai karye kafin ya yi magana. Ya ce, "Ba ƙashinka nake ji ba, mutum ukun nan nake ji." Ya fita.

Na lalata jar ƙasar, na zuba mai ya yi yawa. Shekara hamsin ban yi haka ba.

Lahadi, 6 ga Maris, bayan coci

Fada ya yi wa'azi a kan gaskiya, yana kallon wajen da nake zaune. Ni ma na kalle shi. Na san wa ya sa Alade shekarar da ba a naɗa shi ba tukuna.

Litinin, da safe

Ban ce komai ba.

Talata, 8 ga Maris, da la'asar

Maigida ya ɗora babban ƙyalle a kan katako. Wani attajirin sukari ne ke son zanen biki don ɗakin cin abincinsa, irin wanda masu kuɗi ke so yanzu: su zauna a ɗaki mai ɗumi suna kallon talaka yana rawa a sanyi. Ranar Talatar biki Maigida a tagar sama ya wuni da gawayi a hannu, yana ɗaukar duk abin da ya wuce ta gaban gada. Yau ya baje takardun a ƙasa yana zaɓe.

Ya ce, "Gommaar, ja mai kyau nake so, na zankon zakara. Kada ka kawo mini wannan kunun na ranar Asabar."

Na ce, "A bar Zakara mana, Maigida. Ga Kerkeci, ga Likita."

Ya ce, "Biki ba Zakara? Kai ka tsufa ko ka haukace?"

Shekara talatin muke tare. Ya fi ni ilimi, na fi shi shekaru da goma, kuma taurin kai mun raba daidai. Abu ɗaya aka san shi da shi a garin nan: ba ya zana abin da idonsa bai gani ba. Ya taɓa rasa aikin matar wani babban mutum don ya ƙi cire mata tawadar Allah a haɓa.

Na niƙa masa jan. Ya yi kyau, tir.

Alhamis, 10 ga Maris, da rana

Layinmu ya fara fitowa a kan ƙyalle. Ga Tanneken mai waina da kaskonta, baki buɗe tana zagin wani. Ga mai algaitar jaka da kumatunsa kamar za su fashe. Ga Sarkin Ƙiba a kan gangar giya da tsiren kaji a hannu, ga Uwar Azumi ramammiya da kifinta biyu tana jiran ya faɗo. Kare yana lasar abin da wani ya amayar. Har ni ina ciki, a bakin ƙofa, kamar kullum, don duk zanen da ke buƙatar tsoho mai mummunar fuska ni ake sawa.

Zakara yana tsakiya, ƙafa ɗaya a sama. Hannayensa ba a yi su ba tukuna.

Juma'a, 11 ga Maris, da hantsi

An yi hannun.

Ranar dai, da la'asar

Ya ɗaga shi sama yana rawa, tafin a buɗe, haske yana dukansa. Yatsu uku. Ƙaramin da na kusa da shi babu, sai tabo mai sheƙi. Ni na naɗe wannan hannun da rigata ranar da gizago ya zame wa Faas, yana shekara goma sha shida, na ɗauke shi a kafaɗa har gidan wanzami. Duk layin nan babu wanda bai san hannun ba. Har karnuka.

Na ce, "Maigida, ka ƙara masa yatsu biyu."

Bai juyo ba. Ya ce, "Uku na gani."

"Daga sama ka gani, cikin hayaƙi."

"Ga takardar. Uku."

"To ka san na wane ne?"

Sai a nan ya ajiye buroshi. Na rantse bai sani ba. Mutumin nan yana ganin hannu ba ya ganin mai hannun, haka Allah ya yi shi. Ya dubi zanen, ya dube ni, fuskarsa ta yi fari kamar farar dalma. Ya ce, "Rawa na zana, Gommaar. Ban zana gada ba. Ban ga komai a gada ba."

Na ce, "Rawar ta isa."

Ya ce zai juya zanen ya fuskanci bango har ƙura ta lafa. Ban da wannan ba zai yi komai ba. In ya ƙara yatsa ɗaya da ba a gani ba, in ji shi, duk abin da ya zana a duniya ya zama tatsuniya.

Asabar, 12 ga Maris, da safe

Tanneken ta tare ni a bakin rijiya. Tun muna yara take zagina, ban taɓa jin zafi ba sai yau.

Ta ce, "Kai tsohon jaki, 'ya'yana maza biyu ne a layin nan. In ƙuri'a ta faɗa kan ɗaya, da wannan kaskon zan fasa maka kai in ciro sunan da hannuna."

Na ce, "Fuska ce ta yi, Tanneken."

Ta ce, "To a rataye fuskar mu gani ko kyaftin zai ƙoshi!"

Ta tafi, ta dawo, ta tura mini ƙunshin busasshen kifi a aljihu. Ta ce, "Ci, ka zama kamar Uwar Azumi." Tana kuka. Ina jin ta sani. Ina jin rabin layin sun sani, kowa yana jira wani ya riga shi faɗa.

Ranar dai, da magariba

Attajirin sukari ya yi baki a gidan giya, wai zanensa ya kama bikin kaf, kai ka ce madubi ne. Wellens ya aiko. Ranar Litinin ta sama, 21 ga wata, zai zo da kyaftin su gani. Kuma kada a fitar da zanen daga shago.

Lahadi, 13 ga Maris, da rana tsaka

Ban je coci ba. Kowa ya tafi, na buɗe shago da mabuɗina, na juyo da zanen.

Shekara hamsin ina wanke buroshi, ban taɓa ɗora shi a kan ƙyalle ba. Na ce safar hannu zan sa masa, baƙa, mai yatsu biyar, ai wannan ba wuya. Na kwaɓa baƙin hayaƙin fitila da man gyaɗar turawa don shi na tarar a buɗe. Na shafa, na ƙara, na ƙara. Da na ja da baya sai na ga kamar an manna masa mataccen jemage a wuyan hannu.

Amma yatsun sun ɓace. Na mayar da shi bango.

Allah ya gani. In ya ga dama ya rubuta.

Litinin, 14 ga Maris, da hantsi

Ko kallo bai yi ba, hancinsa ne ya gaya masa. Ya shigo, ya shaƙi iska, ya nufi bango.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya sa yatsa ya taɓa, ya nuna mini baƙin.

Ya ce, "Baƙin fitila. Da man gyaɗar turawa. Kai! Kai da ka koya mini da bakinka cewa wannan haɗin sai ya yi wata bai bushe ba!"

Gaskiyarsa. Ni na koya masa. Tsoro ya cinye abin da na sani.

Ya ce, "Ka san me ka yi? Wellens zai shigo, ya ga zane busasshe da tabo ɗaya ɗanye a kan hannun wanda ake nema. Ya goge da ƙyallen majinarsa. Sannan ya tambaya wa ke da mabuɗi, kuma wa mai mabuɗin zai so ya ɓoye. Da ka bari, da wataƙila su ce zane ne kawai. Yanzu ka sa masa hannu da hatimi."

Ya ɗauki wuƙar fenti ya kankare. Na ƙasan ma bai gama kamawa ba, sai ya biyo baƙin. Jemage ya tafi, hannun ya tafi, sai shimfiɗar toka-toka a wurin. Zakara yana rawa da dungu.

Ya jefar da wuƙar. Ya ce, "Dole in sake. Ba zan nuna musu rami ba, rami ma magana yake."

Na ce, "Wane hannu za ka sa?"

Ya nuna takardar gawayin da ke kan tebur.

Talata, 15 ga Maris, da asuba

Kwana shida.

Talata dai, da la'asar

Faas ya zo har shago, abin da ba ya yi. Ya ja ni bayan gida wajen tulin itace. Ya rame, gemu ya fito masa barkatai.

Ya ce, "Baba, zan je."

Na ce, "Ina?"

"Ka sani. Ba zan zauna a ɗauki 'ya'yan mutane uku ba."

"Digna fa? Abin da ke cikinta fa?"

"Kai kana nan."

Na ce, "Ni? Shekarata sittin da tara. Ni zan yi maka renon ɗa da haƙori huɗu?" Na kama shi a kwala kamar yana yaro. Na ce ya ba ni har Lahadin tsakiyar azumi, in ban samo hanya ba ni da kaina zan raka shi. Ya rantse mini a kan kabarin uwarsa.

Da ya tafi na zauna a kan itacen ina kallon hannuna. Ban san tsawon lokacin ba. Jijiyoyi kamar igiyar jirgi, gaɓoɓi a kumbure, shuɗi a ƙarƙashin farata wanda sabulu ya gaji da shi tun kafin a haifi Faas, babban yatsa a baje saboda ɗan dutsen niƙa. Wannan ma duk layin sun san shi.

Laraba, 16 ga Maris, da hantsi

Na gaya wa Maigida ya zana hannuna a wurin. Ya ce in fita masa daga shago.

Ban fita ba. Na ci gaba da niƙa.

Laraba, da la'asar

Na sake gaya masa. Ya ce, "Kana so in kashe ka da buroshi."

Na ce, "Ko ka kashe shi da shi. Ko ka bar rami su kashe uku. Zaɓi naka ne, kai ne mai ilimi."

"Wa zai yarda tsoho kamarka ya jefa soja a ruwa?"

Na ɗaga dutsen niƙa da hannu ɗaya na ɗora masa a kan tebur, har tukwane suka yi tsalle. Na ce, "Sojan a buge yake, katangar gada iya gwiwa ce. Kuma akwatin a hannuna yake, wa zai hana ni ɗaukar wa kaina fuska?"

Ya ce, "Kana cikin zanen, a bakin ƙofa."

Na ce, "Kana sa ni a kowane zane ko ina wurin ko ba na nan. Har a zanen bikin auren Kana na Linjila ka sa ni. Ka mai da wancan tsohon wani, ka ba shi hula."

Ya ce, "Ban ga hannunka a sama ranar Talata ba."

Na ɗaga shi. Na ce, "To ga shi, kalla. Yanzu ka gani."

Ya fita ya bar ni da hannu a sama.

Alhamis, 17 ga Maris, da safe

Bai zo ba.

Juma'a, 18 ga Maris, da rana tsaka

Ya zo da idanu ja. Bai gaishe ni ba. Ya ɗauki takardar gawayin, ya buɗe murhu, ya sa ta ciki, ya tsaya har ta cinye. Sannan ya ce, "Tsaya wajen taga. Ɗaga. Ba haka ba, kamar mai rawa, ba kamar mai rantsuwa ba. Ka taɓa yin rawa kuwa a rayuwarka?"

Na ce, "Kafin a yaye ka."

Ni na haɗa fentin. Wannan karon da hankalina: farar dalma, jar ƙasa, man da aka dafa da garin dalma don ya kama da wuri, shafi siriri. Awa uku ina tsaye. Kafaɗata ta mutu, ban sauke ba. Yana zane yana zagina ƙasa-ƙasa, jaki, tsohon banza, mai kan dutse. Da ya zo kan shuɗin farata sai ya yi shiru.

Ban taɓa ganin ya yi hannu mai kyau kamar wannan ba. Na gaya masa. Ya ce in rufe masa baki.

Mun jingina zanen kusa da murhu, ba kusa sosai ba. Kwana uku. Da wata uku ne da ya fi.

Asabar, 19 ga Maris, da hantsi

Akwai jirgin da zai kai ganguna garin Ghent, sai Asabar mai zuwa ya dawo. Na gaya wa Faas Maigida ya cire Zakara gaba ɗaya, ya sa keken ciyawa a wurin, kuma an ce kyaftin ya fara saukowa. Na ce ya bi gangunansa, zamansa a gida da wannan fuskar shi ke jawo ido. Ya yi gardama. Digna ta ce, "Ka ji maganar Baba." Ya tafi. Na tsaya a bakin ruwa har jirgin ya sha kwana.

Ƙarya uku a numfashi ɗaya. Ashe ba wuya.

Lahadi, 20 ga Maris, da la'asar

Na kai akwatin gidansu a kan baro. Digna ta gan shi, ta dafa bango.

Ta ce, "Baba, me ka yi?"

Na ce, "Zauna, 'yar nan, kanki ya fi na mijinki riƙe abu."

Na fara mata tun daga kawun ubana. Shekarar annoba, shekarar da aka rufe kogi, shekarar ƙanƙara, wa ya sa Kerkeci, wa ya sa Likita, wa ya sa Zakara. Tana maimaitawa tana feraye albasa, ta ce albasar ce ke sa ta hawaye. Ba za ta riƙe duka a yini ɗaya ba, na sani. Abin da ya zube ya zube. Shekara tamanin na mutane, wasu ba wanda ya san sun taɓa rayuwa sai ni.

Da muka zo bana na ce, "Zakara, Gommaar mai niƙa."

Ta ajiye wuƙa. Ta ce, "Ba zan faɗa ba."

"Za ki faɗa."

"Saboda ni ne fa, Baba. Da ban bi ta gadar ba..."

Na ce, "Ban tambaye ki ba, kuma ba na son ji. Faɗi."

Ta faɗa. Na sa ta faɗa sau uku, har muryarta ta daina rawa. Na ce in ya dawo ya ce zai je ya ƙaryata ni, ta gaya masa ba za su mayar masa da uba ba, sai dai su ƙara igiya. Na ce takardun nan suna ƙarƙashin dutsen niƙa, ta zo ta kai su murhu, kada ta tsaya neman mai karanta mata.

Ta kama hannuna ta ɗora a cikinta. Yana motsi. Mai ƙarfi ne, ko mai ƙarfi ce.

Litinin, 21 ga Maris, da asuba

Na taɓa da bayan yatsa. Sama ya kama. Ƙasa Allah ya sani. Maigida ya shafe zanen duka da farin ƙwai don sheƙin ya zama ɗaya.

Litinin, kafin ƙararrawar tsakar rana

Sun zo. Kyaftin dogo ne, da baƙin ƙyalle a hannun riga, ba ya jin yarenmu sai ta bakin tafinta. Na yi zaton zan tsane shi. Idonsa irin na wanda bai yi barci ba ne.

Ina wajen dutsena ina niƙa, na naɗe hannun riga har gwiwar hannu.

Kyaftin ya tambaya ko gaskiya ne mai zanen nan ba ya ƙari ba ya ragi. Wellens ya ce duk garin shaida ne. Aka tambayi Maigida. Ya dubi ƙasa, ya ce, "Hannun nan a gabana yake lokacin da na zana shi."

Wellens ya matsa kusa, har hancinsa ya kusa taɓa ƙyallen. Da murarsa ba na jin ya shaƙi komai. Ya dubi shuɗin farata, ya dubi babban yatsan. Ya juyo a hankali ya dubi dutsena. Sannan ya sa yatsa a kan tafin hannun Zakara, ya danna.

Na ga abin da ya gani. Ɗan ja ne, kamar ƙwayar gero, a kan yatsansa.

Ya dube shi. Ya dube ni. Na dube shi.

Ya ciro ƙyallensa, ya fyace hanci da ƙarfi, ya goge yatsan a ciki, ya mayar aljihu. Ya ce wa tafinta, "Gaya wa kyaftin ya dubi hannun tsohon can."

Ban jira an tambaye ni ba. Na ce ni ne. Na ce ya zage ni, na ture shi, ban san ba ya iyo ba. Kyaftin ya zo ya kama hannuna ya juya shi gaba da baya, ya kai shi kusa da zanen. Ya matsa damtsena. Ya faɗi kalma ɗaya da yarensu, ya fita. An fasa ƙuri'a, in ji tafinta.

An bar soja a ƙofa. Wellens ya tafi karɓo takarda, don ɗan gari sai da takardar gari ake kama shi. Kafin ya fita ya tsaya kusa da ni yana gyara hula, ya yi ƙasa da murya.

Ya ce, "Wuya ɗaya aka ce in kawo, tsoho. Ba a ce in auna shekarunsa ba. Akwai abin da kake so?"

Na ce, "Nawa irin wannan shari'a take ɗauka?"

"In an ja, mako huɗu. Zan iya ja maka, ka ga bikin Ista."

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Kada ka ja."

Ya ɗaga gira.

Na ce, "Akwai jirgin da zai dawo daga Ghent ranar Asabar. A gama kafin nan."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Juma'a."

Maigida yana zaune a kan akwatin ƙusa, ya ba zanen baya. Na gaya masa shuɗin da na niƙa zai kai shi mako biyu in ya rufe tukunyar da kyau, ba ya taɓa rufewa. Ga ƙararrawa ta fara. Ina jin takalma a kan dutsen layi, da muryar Tanneken tana zagin sojan da ke ƙofa.